Baba Hanci da Kwaltar da Ba Ta Hayaƙi

Kafin tifar farko ta juyo kwanar filin aiki, Baba Hanci ya riga ya iso. Kullum haka ne. Yakan jingine kekensa a jikin kwantenar kayan aiki, ya cire hularsa ya ɗora ta kwano, ya zauna kan wata tsohuwar taya ya canza takalmi. Takalman aikin nan sun yi nauyi da kwaltar da ta manne musu, in ya ɗaga ƙafa sai ka ji kamar ƙasa ba ta son sakinsa. Sai ya ɗauko manjagararsa ya goge haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai man gas. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa ita. Daga nan ya yi tarinsa na safe, wanda a da sau uku ne, ya tofar a gefe, ya ce, "To, a tashi."

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan. A ƙarshen watan nan zai ajiye manjagara, shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana iya ji da kunnensa. Irinmu da ba mu taɓa cika shekara a aiki ɗaya ba, ƙafa na yi mana ƙaiƙayi, mu muka fi kowa sanin nauyin shekara talatin da huɗu a bayan inji ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ana haɗa tsakuwa da kwalta a wani babban inji can bayan gari. Tifa ta ɗauko, ta zo ta juye a bakin injin shimfiɗa, shi kuma ya baje ta a kan hanya. A bayansa mutum goma sha biyu ke tafe da shebur da manjagara, suna cike rami, suna gyara gefe, kafin rola ta zo ta danne. Baba Hanci shi ne shugaban mutanen nan goma sha biyu. Kuma duk tifar da ta iso, ba ta juyewa sai ya ɗaga mata hannu.

A nan sunan ya samo asali. Kwalta in ta yi sanyi ba ta dannuwa, in kuma ta ƙone ba ta daɗewa. Wasu sai sun soka ma'aunin zafi suke sani. Shi Baba sai dai a yaye tamfol, ya dubi hayaƙin, ya ja shi da hanci sau ɗaya. In shuɗi ne mai yaji, ya ce an ƙona. In fari ne mai nauyi yana tashi a hankali, ya ɗaga hannu. In babu hayaƙi sam, ya ce ta mutu a hanya, a mayar. Injiniyoyi da yawa sun gwada shi da ma'auni, suka gaji suka bari.

In an zauna hutun rana a inuwar tifa, yakan ba da labarin da. Lokacin da ya fara, a duro ake dafa kwalta da itace, a ɗebo da bokiti mai huda a bi hanya ana yayyafawa. Ba hular kwano, ba safar hannu. Kamfani na ba kowane lebura gwangwanin madara ɗaya a mako, wai tana wanke ƙirji. Yakan kira abokansa na wancan lokaci da sunayensu, su Bahago, su Mai Usur, su Kunnen Shebur wanda ke waƙa in ana zuba kwalta har mata masu wucewa su tsaya saurare. Yana faɗa yana dariya. Duk sun tafi, kuma kusan dukkansu tari ne ya fara kwantar da su. Amma bai taɓa zagin hayaƙin ba. Ya ce da shi ya yi aure, da shi ya sa 'ya'ya biyar a makaranta. Maiɗakinsa ma takan ce tun yana bakin layi take jin ya dawo, ta ɗora ruwan wanka. Bokitin wankin kayansa daban ne a gidan, ba a haɗa shi da na kowa.

Waɗanda suka daɗe da shi suna da nasu labaran. Akwai ranar da hadari ya haɗu, wani manaja na da ya ce a ci gaba da shimfiɗa don manya za su zo dubawa. Baba ya zauna kan sheburinsa a gaban injin, ya ce sai dai a bi ta kansa. Akwai kuma wata tsohuwa da sabuwar hanya ta yi wa ƙofar gida tsawo, ba ta iya hawa. Bayan an tashi aiki ya kwashi ragowar kwalta a baro, ya yi mata gangare da hannunsa. Bai gaya wa kowa ba, jikanta ne ya zo neman wanda zai gode wa.

To, bara sai kamfani ya kawo sabuwar injiniya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ta zo da wani ƙaramin ƙarfe mai bututu da aka ɗaura a jikin injin haɗi. Ta tara ma'aikata ta ce daga yanzu za a riƙa fesa ruwa a cikin kwalta mai zafi kafin ta haɗu da tsakuwa.

Baba ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce, "Ruwa? A cikin kwalta?"

"Ɗan kaɗan ne, Baba. Kamar cokali biyu cikin ɗari."

"'Yata, shekara talatin ina korar ruwa daga kwalta. A gabana ɗigo ɗaya ya faɗa duro, ya yi tsalle ya cinye wa Bahago gira. Har ya rasu ba ta sake tsirowa ba."

Injiniya ta yi murmushi ta ce, "Ka taɓa ganin madara ta taso a wuta? Haka kwaltar za ta yi. Ruwan zai zama tururi, ita kuma ta kumbura ta zama kumfa. Kumfa ta fi saurin lulluɓe tsakuwa, don haka ba sai mun ƙona ta sosai ba. Za mu rage wuta. Hayaƙi ma zai ragu."

Direban rola, wanda ake kira Sannu-Sannu saboda tafiyar motarsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, in ta yi kumfa a sammana, mu yi wanki." Aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Ranar da aka fara, tifar farko ta iso, aka yaye tamfol. Baba ya matsa ya duba. Babu hayaƙi. Ya ja hanci, bai ji komai ba sai ɗan ɗumi. Ya kaɗa hannu ya ce a mayar.

Direban tifar ya leƙo ta taga. "Haba Baba, daga bakin inji nake. Ko shayi ban tsaya sha ba."

"Ka tsaya ko ba ka tsaya ba, kayanka sun mutu. Juya."

Ta biyu ta zo, ya mayar. Ta uku ma haka. Sai ga Injiniya a guje cikin motarta, ta tare ta ukun a kwana ta dawo da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta soka ma'auni ta nuna masa: ɗari da talatin. Ya ce a da ɗari da sittin ake kawowa, irin wannan kuwa zubarwa ake yi. Ta ce, "Baba, bar ma'aunin. Sa sheburinka."

Ya sa. Shebur ya shige kamar cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya ɗebo, ya watsa a ƙasa, ya ja manjagara a kai, kwalta ta kwanta lumui. Ya tsaya yana kallonta, mutum goma sha biyu na kallonsa.

Sannu-Sannu ne ya kasa riƙe bakinsa. Ya ce, "Baba, ashe hancin ya riga mai shi yin ritaya."

Wasa ya yi, amma maganar ta soki Baba. Ranar Baba bai buɗe kwanon abincinsa ba. Abin da ya sa ake tsayawa a jira shi duk shekarun nan, rana ɗaya ya zama ba shi da amfani, kuma a gaban yaransa. Mako guda yana zuwa yana aiki, ba labari, ba tsokana. Kowa ya ɗauka zai nemi a sallame shi.

Shi da kansa ya faɗi abin da ya juya masa rai. Wata rana da azahar ya ɗago kai daga manjagara, sai ya ga fuskar na can ƙarshen layi sarai. A da ba ya ganin kowa sai inuwa cikin hayaƙi. Ya lura babu wanda ya ɗaure baki da tsumma, babu mai jan ido. Da ya koma gida, maiɗakinsa ta dube shi ta ce, "Malam, yau ba ka je aiki ba ne?" Ya ce ya je. Ta matso ta sunsuni rigarsa ta ce, "To a ina ka yi wanka?" Bayan wata guda, tarin safe ya ragu daga uku zuwa ɗaya. Na Sannu-Sannu kuwa, wanda ya fara damun matarsa tun kafin zuwan Injiniya, ya ɗauke.

Sai ga matsala. Bayan an shimfiɗa kilomita ɗaya, an yanko kwaltar daga hanya, guntu-guntu kamar gwangwani, aka kai ɗakin gwaji. Aka jiƙa wasu a ruwa, aka matsa su da na'ura. Waɗanda aka jiƙa suka tarwatse da wuri. Da aka duba, kwaltar ta saɓule daga jikin tsakuwa, duwatsun sun fito tsirara. Ma'anarsa, damina ɗaya za ta iya cinye hanyar.

Manaja ya zo filin da kansa. Ba mugun mutum ba ne, ɓacin sunan kamfani yake tsoro. Ya ce an gwada, bai yi ba. Daga Litinin a kwance ƙarfen ruwan, a ƙara wuta, a koma yadda aka saba. Injiniya na tsaye riƙe da takardun gwajin, sakamakon kuwa nata ne.

Kowa ya zaci Baba zai ji daɗi, tunda hancinsa zai dawo aiki. Sai ya cire hular kwano ya matso.

"Ranka ya daɗe, a ba mu kilomita ɗaya kuma."

Manaja ya ce, "Baba, ba kai ka mayar mini da tifa uku ba?"

"Ni ne. Na yi kuskure, kuma kowa ya gani. Amma ni nawa ƙirjin ya riga ya tafi, ba shi nake roƙo wa ba. Dubi waɗannan. Wancan mai rola 'ya'yansa uku, babban bai shiga aji biyu ba. Na binne abokaina da yawa, ranka ya daɗe. Ba na son in tafi in bar musu abin da aka bar mana."

"In hanya ta fashe fa?"

"A ba ni kwana uku in ga abin da ke damunta."

Manaja ya ba shi ukun, ya ce ko awa ɗaya ba zai ƙara ba.

Washegari Baba bai tsaya bakin hanya ba. Ya bi tifa zuwa wurin injin haɗi, inda rabonsa da zuwa ya fi shekara goma. Ya zagaya tulin tsakuwa yana kallo. Ya tsaya ya ga yadda mai katafila ke ɗiba: yana kafa cokalin a ƙasa, ya kwaso daga gindin tuli. Baba ya durƙusa ya cusa hannu a wurin har gwiwar hannu, ya zaro shi a jiƙe. Ya jira aka sauke haɗi, ya ɗebi shebur ɗaya ya zuba a kan allo, ya cire murfin kwanon abincinsa ya kife a kai. Ya aika a kira Injiniya.

Da ta zo ya ɗaga murfin. Cikinsa ya yi gumi, ɗigo-ɗigo.

Ta ce, "Wataƙila ruwan kumfar ne, Baba."

"Cokali biyun naki? Ai ya gudu tun a cikin inji. Wannan na dutse ne. A da wutarmu na da yawa, ko an kawo tsakuwa a jiƙe takan busar da ita, ba wanda ya damu. Yanzu kin rage wuta, amma wancan bawan Allah bai rage ɗiban ruwa ba. Dutse na shiga da ruwa a cikinsa, kwalta ta rufe shi, daga baya ya yi gumi ya ture ta."

Mai katafila ya ce shi dai haka aka koya masa. Baba ya ce, "Ni ma haka aka koya mini abubuwa da yawa. Ɗaga cokalinka kamu biyu daga ƙasa, ka ɗebo ta gefen da rana ke bugu."

Aka yi haka, aka sake haɗi, aka sake kife murfi. Ya fito a bushe. Injiniya ta kai samfur ɗakin gwaji ta auna danshin da na'urarta, lissafi ya zo daidai da murfin kwano. Mutanen wurin sun ce ta daɗe tana juya murfin a hannunta, sannan ta ce, "Baba, wannan ba ya cikin abin da aka koya mana." Ya ce, "Naki ma ba ya cikin abin da aka koya mini, 'yata. Ba ni murfina, miyata na shan iska."

Cikin kwana biyun da suka rage, shi da mutanensa suka gyara wurin. Suka sa aka mayar da tulin tsakuwa kan gangare don ruwa ya riƙa tsiyayewa, suka haƙa masa magudana, suka ja tamfol suka rufe. Ba aikinsu ba ne, ba kuma wanda ya sa su. Manaja ya zo ya gani, ya ba da kilomita ɗayan, da sharaɗin in damina ta wuce ta nuna ko tsaga ɗaya, maganar kumfa ta ƙare.

A kilomitan nan Baba ya sake koyon aikinsa daga farko, yana da shekara sittin da ɗoriya. Tunda hanci ya daina gaya masa komai, sai ya koma ga diddige. Yakan taka gefen sabuwar shimfiɗa, ya ga yadda ta karɓi takalmin, sannan ya kira rola. In Sannu-Sannu ya yi gaggawar shiga, kwaltar takan gudu a gaban taya. Baba ya riƙa ce masa, "Kai da sunanka, yau kuma sauri kake? Jira ta nutsu." Ya koya wa sauran duka, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi masa dariya.

Damina ta zo da ƙarfinta. Duk ranar da aka yi ruwa, da safe sai a ga kekensa a bakin kilomitan, yana tafe a ƙasa yana duba gefe da gefe, kafin ya wuce wurin aiki. Wata huɗu yana haka. Da ruwa ya ɗauke aka sake yanko gwangwanayen, aka jiƙa, aka matsa. Suka riƙe. Da aka fasa ɗaya da guduma, kowane dutse na sanye da baƙar rigarsa. Manaja ya ce ƙarfen ruwa ya zauna, kuma duk aikin da kamfani zai yi nan gaba da shi za a yi.

Baba, kai ne ka yi wannan. Kai ne aka kunyata a gaban yaranka, ka haɗiye, ka dawo ka tsaya wa abin da ya kunyata ka. Da ka yi shiru ranar da Manaja ya zo, da hayaƙi ya dawo, da darajarka ta dawo tare da shi, ba kuma wanda zai ga laifinka. Ka zaɓi ƙirjin mutum goma sha biyu a kan sunanka. Ba za a rubuta ka a allon bakin hanya ba, can sunan kamfani ne da na masu sa hannu. Amma akwai gidaje goma sha biyu da suka san abin da ka yi musu. Na bayan inji, mai gyara abin da ƙarfe ya bari, mun gode.

Makon jiya Injiniya ta tambaye shi abin da yake so a yi masa na sallama. Ana tsammanin zai ce agogo ko sabon keke. Sai ya ce shi dai a ɗauke shi a mota, a gidan gaba, a bi da shi kan kilomitan nan. Ashe duk hanyoyin da ya shimfiɗa, bai taɓa bin ko ɗaya a zaune a gaban ƙaramar mota ba. Ta buɗe masa ƙofa da kanta. Sannu-Sannu da wasu biyu suka cusa kansu a baya ba a gayyace su ba. Da aka hau hanyar ya ce a kashe rediyo, a sauke gilashi. Ya rufe ido yana sauraron taya. A haka aka tafi har aka kai ƙarshe.

Injiniya ta ce, "Yaya ka ji, Baba?"

Ya ce, "Ta yi. Sai dai akwai ɗan tudu kusa da kwalbati, inda muka tsaya cin abinci ranar Laraba. Mai rola ne ya yi barci a wurin."

Sannu-Sannu ya ce, "Baba, ko a ranar sallama ba za ka bar ni ba?"

"In na bar ka wa zai gaya maka? Juya, 'yata, mu sake bi. Wannan karon ku ku saurara."

Aka juya, aka sake bi, kuma duk sun ji tudun.

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma masu karatu, musamman mu matasa da ke barin aiki da zarar an yi mana dariya sau ɗaya, ga mutum nan a raye, ba labari ba ne. In wani sabon abu ya zo ya ture abin da kuka iya, kada ku tsaya jin haushi, ku duba ko zai amfani na bayanku, ku sa hannu. In kuma kun wuce masu shimfiɗa kwalta a hanya, ku rage gudu, ku ɗaga musu hannu.